Muhawara: Kwana uku ina fama da girka Haskell, ko layi ɗaya ban rubuta ba

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah duk wanda ya taɓa aiki da Haskell, yaren rubuta manhaja, ya zo ya cece ni kafin in yi jifa da laftof ɗin nan.

Wani yayanmu ne ya ba ni wata 'yar manhaja da ya rubuta a 2022, tana ƙirga kalmomi a rubutun Hausa ta jera waɗanda suka fi yawa. Ya ce in ƙara mata wani abu, wai ta haka zan koyi yaren. Ubuntu 22.04 nake kai, RAM ɗina giga 4. Na buga `sudo apt install ghc cabal-install`, aka ba ni GHC 8.8.4, wato kompailar Haskell mai mayar da kod ya zama manhaja, da cabal mai sauke kunsoshin kod da gina aiki. Na ce `cabal build`, ya ce `Could not resolve dependencies`, wai `base` ɗina ya tsufa. Na shiga YouTube, aka ce a yi amfani da GHCup, manhajar girka GHC da kayan aikinta. Na bi, na yi ta sauke-sauke, yanzu 9.10.1 nake da ita, ga abin da yake gaya mini kuma:

`rejecting: base-4.20.0.0`
`conflict: base>=4.16 && <4.18`

Wato ɗazu na tsufa, yanzu kuma na yi yaro. Data giga 5 ta tafi. Ni dai tambayata, haka kowa ke shan wannan wahala ko ni aka yi wa baki?

Mai Python:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ka haƙuri ɗan'uwa, amma wa ya aike ka? Da Python ne da tuni ka gama ƙirga kalmominka ka tafi shan shayi.

Kawu Linux:
Mai Python ka bari yaro ya sha iska tukuna. Ɗan Fagge, kafin in ce komai, buga mini `which ghc` da `ghcup list` ka turo abin da ya fito. Sannan ka faɗa mini gaskiya: lokacin da ka girka GHCup da farko, wace siga ya sauke maka da kansa?

Ɗan Fagge:
Kawu, `which ghc` yana nuna `.ghcup/bin/ghc` a cikin foldar gidana. Da farko 9.4.8 ya sauke mini. Na sake `cabal build`, ya maimaita maganar cewa `base` ya tsufa, sai na ce ashe ita ma tsohuwa ce. Na goge ta don in sami fili, na sauke wadda aka rubuta wa `latest`. Washegari da na kunna kwamfutar sai kuskuren ya koma wannan na sama.

Kawu Linux:
Innalillahi. Yaro, maganinka ka riƙe a hannu ka zubar.

Bari in yi maka dalla-dalla, don wannan shi ne abin da ba wanda ke gaya wa sabon shiga. `base` ba kunshi ba ne irin sauran da za ka sauke sigar da ka ga dama. A manne yake da kompaila, kamar kunkuru da ƙoƙonsa. GHC 8.8 tana zuwa da base 4.13, 9.2 da 4.16, 9.4 da 4.17, 9.6 da 4.18, 9.8 da 4.19, 9.10 kuma da 4.20. Da yayanka ya rubuta daga 4.16 zuwa ƙasa da 4.18, abin da yake nufi a fakaice shi ne a yi amfani da GHC 9.2 ko 9.4. Sai dai cabal ba zai taɓa faɗa maka haka da baki ba, lambar base zai jefo maka ya bar ka ka yi duba.

To 9.4.8 da ka goge ita ce daidai. Abin da ya faru, ba ka rufe tamina ka sake buɗewa ba bayan girkawar, don haka tana nan tana kiran tsohuwar 8.8.4 da ke `/usr/bin`. Kuskuren `base` ya tsufa da ka gani karo na biyu ba daga 9.4.8 ya fito ba, ita ko taɓa ta ba a yi ba. Da ka buga `source ~/.ghcup/env` da tun ranar farko an wuce wurin.

Ɗan Fagge:
Kai! Kawu wallahi ji nake kamar in yi kuka. Data ta kusan giga guda fa na yi asara a kanta.

'Yar Zazzau:
Kada ka zargi kanka da yawa. Ni ma irin wannan ramin na faɗa shekarar da na fara. Kuma a gaskiya Kawu, wannan ba laifin yaro ba ne. Wane irin kayan aiki ne ya san amsa sarai amma ya ƙi faɗa? Cabal ya san wace kompaila yake kira, ya san base ba ya sabuntuwa shi kaɗai. Me zai hana ya ce "aikin nan yana son GHC 9.2 ko 9.4, kai kuma 8.8.4 kake amfani da ita"? Jimla ɗaya ce. A maimakon haka sai ya zubo maka layi goma sha na yadda ya yi ta gwadawa yana ja da baya, kamar rahoton ɗan sanda.

Kawu Linux:
Ban musa ba. Amma ku 'yan yanzu a aljanna kuke. Mu da muka ga zamanin da cabal ke zuba komai a rumbu ɗaya, ka girka kunshi ɗaya yau ya karya maka guda biyar da ka girka jiya, maganin kawai ka share `.ghc` da `.cabal` ka faro daga farko. Har suna aka sa wa abin, jahannamar cabal. A 2013 aka kawo akwatunan keɓe kowane aiki, a 2016 aka fara gwada sabon tsarin gini mai kwaikwayon Nix, wani manajan girka kunsoshi, sai a 2019 da cabal 3.0 ya zama shi ne na kullum. Yanzu kowane kunshi yana zaune a rumbu da lambar shaidarsa, ba mai taka wani. Wancan ciwon an warke shi.

'Yar Zazzau:
Allah ya ƙara wa Kawu lafiya, amma "da ya fi haka muni" ba ta dawo wa Ɗan Fagge da datarsa.

Injiniyan Kantin Kwari:
Ni fa ban ga dalilin doguwar magana ba. Ya girka Stack kawai, ɗaya kayan ginin da ake amfani da shi a madadin cabal. Dalilin da ya sa aka ƙirƙiro shi ke nan a 2015. Ka rubuta `lts-21.25` a `stack.yaml`, shi da kansa zai san 9.4.8 ake nufi, ya sauke ta, ya ɗauko kunsoshin da aka riga aka gwada tare a jerin da ake kira Stackage. Babu lissafin wa ya dace da wa. Ni ayyukan da na rubuta shekara huɗu da suka wuce har gobe `stack build` ɗaya nake musu su tashi.

Kawu Linux:
Su tashi bayan ya sake sauke wata GHC ɗin a `.stack/programs`, ko? Mutum yana kukan data kai kana ƙara masa kompaila ta huɗu. Sannan duk ranar da ka bukaci kunshin da ba ya cikin jerin Stackage, kai ne za ka koma mai warware lissafin da hannunka a `extra-deps`, ka sa wannan ya ce sai da wancan, ka sa wancan ya ce sai da wani.

Injiniyan Kantin Kwari:
Kawu wannan tsohon zance ne. GHCup yana tambayarka tun wajen girkawa ko kana so Stack ya riƙa amfani da GHC ɗin da GHCup ya girka, ba sai an sauke biyu ba. Kuma sau nawa mai koyo zai nemi abin da babu a Stackage?

Kawu Linux:
Cabal ma yanzu yana iya abin da kake taƙama da shi. Tun 3.8 za ka iya jawo jerin Stackage kai tsaye da `import` a `cabal.project`. Ga `cabal freeze`, ga `index-state`, ga `with-compiler`.

Injiniyan Kantin Kwari:
Ka ji ko? Abu huɗu ka lissafa don a yi abin da layi ɗaya ke yi.

Ɗan Fagge:
To ni yanzu wanne zan bi? Abin da ya ruɗa ni tun farko ke nan. Wani shafi ya ce Haskell Platform, wani ya ce Stack, wani ya ce cabal, wani fayil `.cabal`, wani `package.yaml`. Kuma kowa yana magana kamar nasa ne kaɗai hanya.

'Yar Zazzau:
Haskell Platform ka manta da shi, an yi masa ritaya tun 2022. Duk darasin da ka ga ya ce ka sauke shi, rufe shafin. Haka duk wanda ya ce `cabal sandbox`. Rabin wahalar sabon shiga daga nan take, tsofaffin darussa ba sa mutuwa a intanet, kuma su Google ke fara kawowa.

Sarkin Nix:
Ina ta kallonku ina dariya. Duk wannan rigimar an gama da ita tun 2006 da Eelco Dolstra ya rubuta kundin digirinsa na uku a Utrecht. Matsalarku ba cabal ba ce, ba Stack ba ce. Dukansu biyun kunsoshin Haskell kaɗai suka sani. Ranar da aikinka ya nemi laburaren C kamar zlib ko libpq, sai su ɗaga hannu su ce jeka ka nemo. Nix yana ɗaure komai, daga kompaila har laburaren C, kuma yawancinsu a gine suke zuwa daga rumbunsu, ba sai fankar laftof ɗinka ta yi ta kuka ba.

Mai Python:
Ga shi nan ya iso. Ko ciwon kai ka ce kana yi a zauren nan, Sarki zai ce ka girka Nix.

Ɗan Maraɗi:
Sarki, ina gaisuwa. Na bi shawararka bara, ba ji na yi ba. Gaskiya ne abin ya yi aiki, amma `/nix/store` ya cinye mini fiye da giga 20 kafin in ankara, kuma duk sanda na sabunta sai ya sake jawo duniya. A nan wajenmu kuran, wato wutar lantarki, yana tafiya, rezo, wato sabis ɗin waya, yana tafiya, sai ka kai rabi abu ya yanke. Sannan sai da na koyi wani yare daban, na Nix ɗin kansa, don in samu in koyi Haskell. Wanda ya zo koyon tuƙi ba a fara ba shi injin ya kwance.

Sarkin Nix:
Akwai `nix-collect-garbage` ai.

Ɗan Maraɗi:
Akwai. Na buga shi, ya share, washegari na sake sauke abin da ya share.

Ɗan Fagge:
Jama'a kuna can kuna muhawara ni na yi wani karambani. Na ga wani ya rubuta cewa `--allow-newer` yana sa cabal ya yi watsi da iyakar sama. Na gwada da 9.10.1, ya wuce wancan kuskuren! Ya fara gini, na ji daɗi. Yana cikin gina `aeson` kwamfutar ta sandare, linzami ma ba ya motsi, can sai ya ce an kashe aikin da SIGKILL. Na sake, ya tsaya a `zlib` wai babu laburaren C mai suna z. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Sarkin Nix:
Zlib. Ban ce komai ba.

Kawu Linux:
Na zlib mai sauƙi ne: `sudo apt install zlib1g-dev pkg-config`. Na SIGKILL kuma RAM ce ta ƙare. Cabal yana gina kunsoshi da yawa lokaci guda gwargwadon ƙwaƙwalen na'urarka, kowace GHC kuma ci gare ta. Sa `-j1` ya riƙa yi ɗaya bayan ɗaya, ka rufe burauza, ka ƙara swap, wato filin diski da ke tallafa wa RAM, ko giga 4 ne. Zai daɗe amma zai kai.

Amma ni shawarata tana nan: ka bar `--allow-newer`, ka sake sauke 9.4.8. Da ita aka rubuta aikin, da ita aka san yana tashi. Wannan tutar kamar cire fiyus ne ka sa waya. Wuta za ta kawu, amma ba ka san abin da zai ƙone ba.

Malamar Lab:
Salamu alaikum. Yanzu na fito daga aji na tarar da saƙo sama da talatin. Kawu, a gafarce ni, a wannan karon ban bi bayanku ba.

Yaron nan ya riga ya biya kuɗin 9.10.1. In ya koma 9.4.8, ba kompaila kaɗai zai sake saukewa ba, duk abin da ya kwana yana ginawa sai an sake gina shi daga tushe, domin abin da wata sigar GHC ta gina wata ba ta iya amfani da shi. Wannan ma shi ne asalin abin da ya sa komai na Haskell ke cin lokaci. GHC tana kutsawa cikin laburare ta kwaso guntayen kod ta cusa a naka don ya yi sauri, saboda haka ba a iya raba ginannen kunshi a ce kowa ya ɗauka kamar yadda pip ke yi. Hackage, rumbun kunsoshin Haskell a intanet, tushen kod kawai yake ba ka, ginin naka ne.

Kuma iyakar da ta tare shi ba ta wani baƙon kunshi ba ce, ta cikin fayil ɗin yayansa ce. Yayan bai rubuta ƙasa da 4.18 don ya san 4.18 za ta karya aikin ba. Ya rubuta ne don a lokacin ba a haife ta ba. Ɗan Fagge, buɗe fayil ɗin `.cabal`, ka mayar da iyakar base ƙasa da 4.21, in akwai iyaka a kan `mtl` ko `text` su ma ka ɗaga su, ka cire `--allow-newer` gaba ɗaya. In wani abu ya fashe a kod ɗin yayanka, turo mu gani. Ina kyautata zaton bai wuce layi biyu ba.

Kawu Linux:
Malama, in ya zama layi hamsin fa? Yaron da bai taɓa rubuta Haskell ba?

Malamar Lab:
In ya zama hamsin sai mu bi taku, ni zan tura masa datar.

Mai Python:
Ni tambaya gare ni ta tsakani da Allah, ba tsokana ba. Me ya sa ake sa iyakar saman tun farko, tunda ita ce ke hana ruwa gudu?

'Yar Zazzau:
Wannan ita ce rigimar da ta raba mutanen Haskell gida biyu shekara da shekaru. Ƙa'idar lambobin Hackage ta ce lambobi biyu na farko su ne babbar siga, wato daga 2.2 zuwa 2.3 an yarda a karya abu. Don haka ake so ka sa iyaka a inda ka gwada. Masu goyon baya suna cewa in babu iyaka, aikin da ke tashi yau zai faɗi gobe ba tare da ka taɓa shi ba. Masu adawa suna cewa yawancin iyakokin ƙarya ne, suna hana ginin da zai yi aiki lafiya, kuma duk fitowar sabuwar GHC sai an bi ɗaruruwan masu kunshi ana roƙo su ɗaga lamba ɗaya. Wanda ya yi tafiya ko ya gaji da aikin, duk wanda ya dogara da shi ya tsaya cak. Shi ya sa Hackage ya ba da damar gyara iyaka ba tare da sabon fitarwa ba, har da wasu amintattu da ke iya yi a madadin mai kunshin.

Ni na ga amfanin iyakar da idona. Da `aeson` 2.0 ya fito a 2021 suka sauya nau'in da ke riƙe abubuwan JSON daga HashMap zuwa KeyMap saboda wata kafar tsaro. Wani aikina da ban sa wa iyaka ba ya wayi gari ba ya ginuwa, ni kuwa ko harafi ban canza ba.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin, cabal siga ɗaya tak yake yarda da ita ga kowane kunshi a cikin gini ɗaya. In wannan yana son tsohon aeson wancan yana son sabo, an tashi wasa. Cargo na Rust da npm suna iya ajiye biyun gefe da gefe.

Injiniyan Kantin Kwari:
Kuma Rust sun yi alkawari tun 1.0 a 2015 cewa sabuwar kompaila ba za ta karya tsohon kod ba. Abin da ke ba ni haushi da GHC ke nan. 7.10 ta karya, 8.4 ta karya da Semigroup, 8.8 ta karya da MonadFail, 9.0 ta zo da nata. Kowane gyara in ka karanta dalilinsa sai ka ce daidai ne, amma wanda ke da aiki a hannu shi ke biya.

Kawu Linux:
Yaren masu bincike ne tun asali. Kwamitin masu bincike aka kafa a 1987, rahoton farko ya fito a 1990, GHC kuma a Jami'ar Glasgow aka faro ta. Ba don kamfani aka yi shi ba, don gwada sababbin tunani aka yi shi. Abubuwan da kuke yabo a Rust ɗin, da yawansu a nan aka fara dafa su.

'Yar Zazzau:
To Kawu sai a daina tallata shi ga yara a ce yaren aiki ne. Ba a cin biyu. Ai su ma sun san da ciwon, shi ya sa aka kafa Gidauniyar Haskell a 2020, kuma cikin abin da ta sa gaba har da rage yawan karye-karyen nan.

Mai Python:
Kun ga dai ni ban ce komai ba, da bakinku kuke faɗa.

Kawu Linux:
Kai ka yi shiru. Daga 2008 zuwa 2020 kuna tsallaka kogi ɗaya daga Python 2 zuwa 3, shekara 12. Jiya-jiyan nan ka turo mana hoton `externally-managed-environment` kana tambayar abin da ya sami pip ɗinka. Su 'yan npm kuma a 2016 mutum ɗaya ya janye kunshi mai layi 11, gine-ginen duniya suka zube. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Mai Python:
Na ji, na tuba. Amma ni aƙalla na buga "sannu duniya" a ranar farko.

Malamar Lab:
Wannan maganar ta Mai Python ita ce gaskiyar da ta fi kowacce a zauren nan, ko da wasa yake. Bari in faɗa muku yadda nake yi da ɗalibaina, wataƙila ya amfani wani.

Shekarar farko na ce kowa ya girka a gida. Mako uku muka yi ba mu taɓa darasi ba, ina zagaya laftof-laftof kamar mai gyaran rediyo. Masu Windows nasu ya fi tsanani: ga MSYS2 da sai an sauke, ga manhajar kashe ƙwayar cuta tana riƙe fayiloli, ga iyakar tsawon hanyar fayil ta haruffa 260, ga wanda sunan asusunsa ke da tazara a tsakiya. Ɗalibai da yawa sun tsani yaren tun kafin su ga fankshin ɗaya.

Yanzu na daina. Siga ɗaya nake zaɓa wa zango gaba ɗaya, ba mai canzawa. Ina girka ta a kwamfuta ɗaya, in gina duk kunsoshin da za mu bukata, sannan in kwafe `.ghcup` da `.cabal` a filas in zuba a sauran. Sharaɗin kawai tsarin kwamfutocin ya zama iri ɗaya kuma sunan asusu ya zama ɗaya, don rumbun yana riƙe cikakkiyar hanyar fayil. Sannan makonni shida na farko ba ma taɓa cabal ko kaɗan. `ghci`, inda ake buga kod a ga amsa nan take, da fayil ɗaya sun isa. Mutane suna mantawa GHC da kanta tana zuwa da `containers`, `text`, `bytestring`, `mtl` da `parsec`. Da waɗannan kaɗai za ka rubuta mai ƙirga kalmomi ba ka sauke ko kilobait ba.

Abu ɗaya nake hana su da babbar murya: `cabal install --lib`. Yana rubuta wani ɓoyayyen fayil a `.ghc` wanda zai riƙa bin ka duk inda ka buɗe ghci, bayan wata biyu abubuwa su fara rikicewa ba ka san daga ina ba. In kana son gwada kunshi, `cabal repl --build-depends` ya wadatar.

Ɗan Maraɗi:
Malama Allah ya saka da alheri. Dabarar filas ɗin nan ita ce tamu. Abin da ke ci mini rai, duk takardun girkawa an rubuta su ne kamar kowa yana da intanet marar iyaka da wutar da ba ta ɗaukewa. `cabal update` na farko kaɗai ya haura mega 100, jerin sunaye ne fa kawai, ba ka sauke kunshi ko ɗaya ba. Ƴan'uwa masu zuwa wurin da ke da wifi, ku sani GHCup yana da `prefetch`, ka sauke a can ka zo gida ka girka da `--offline`. Ni sai da na yi wata shida kafin in gano.

Ɗan Fagge:
Alhamdu lillahi, ga rahoto. Na ɗaga iyakokin kamar yadda Malama ta ce, na sa `-j1`, na ƙara swap, na jona laftof a shagon maƙwabcinmu mai caji don an ɗauke wuta tun la'asar. Awa ɗaya da kusan rabi yana gini. Duk kunsoshin sun wuce. Da ya iso kod ɗin yayana sai ya ce `Variable not in scope: when`, da kuma `forM_`, wuri shida.

Malamar Lab:
Sa `import Control.Monad` a saman fayil ɗin. A `mtl` 2.2 in ka jawo `Control.Monad.State` yana haɗo maka da waɗannan kyauta, a 2.3 suka daina. GHC 9.4 tana zuwa da tsohon, daga 9.6 sabon ne.

Ɗan Fagge:
YA TASHI! Wallahi ya tashi! Layi ɗaya!

Malamar Lab:
Kawu, datata ta tsira.

Kawu Linux:
Na sallama, Malama ta yi gaskiya a wannan. Amma sa'a ce aikin ƙarami ne. Da Hakyll ne, kayan gina shafin intanet mai jan Pandoc a baya da kunsoshi sama da ɗari, da har yanzu muna nan. Ɗan Fagge, tun kafin ka yi barci ka buga `cabal freeze`, ka rubuta `with-compiler: ghc-9.10.1` a `cabal.project`, ka ajiye su tare da kod ɗin. Kada wanda zai gaje ka ya sha abin da ka sha. Kuma ka cire GHC ta apt ɗin nan kafin ta sake yi maka kwanton ɓauna.

Injiniyan Kantin Kwari:
Wato a ƙarshe dai ya rubuta `stack.yaml` da hannu, ya sa masa wani suna.

Kawu Linux:
Injiniya, dare ya yi.

'Yar Zazzau:
Kafin ka yi murna da yawa, in za ka sa HLS, mai nuna maka kurakurai kana cikin rubuta kod, a VS Code ka tabbata sigar da ka sauke an gina ta don 9.10.1 daidai, ba 9.10 kawai ba. In lamba ɗaya ta bambanta zai zauna shiru kamar ba ya nan, ba zai ja maka jan layi ko ɗaya ba.

Ɗan Fagge:
Yaya wannan sai wata ya kama, data ta ƙare, da ta ƙanwata nake magana yanzu. Amma ga wani abu. Na ba shi wani rubutu ya ƙirga, lissafin ya fito daidai, sai dai kalmomin sun zama wani iri. Maimakon "ƙasa" yana rubuta `"\409asa"`, "ɗaya" kuma `"\599aya"`. Na tura wa abokina ginannen a wata kwamfuta, shi kuma da ya iso ƙ sai ya mutu da `invalid argument`. Kada dai wani kunshin ne kuma ya ɓace?

Malamar Lab:
A'a, wannan ba na girkawa ba ne, ka shigo Haskell ɗin kansa yanzu, barka da zuwa. Yayanka `print` ya yi amfani da shi, shi kuma duk harafin da ba na ASCII ba lambarsa yake nunawa, 409 ita ce ƙ, 599 ɗ, za ka ga 595 ma wato ɓ. Mayar da shi `putStrLn`. Na abokinka kuma kwamfutarsa ba a kan UTF-8 take ba. Jawo `GHC.IO.Encoding` ka sa `setLocaleEncoding utf8` a layin farko na `main`, ka ƙara `hSetEncoding stdout utf8` daga `System.IO`.

Ɗan Fagge:
Na gyara na farkon, ƙasa ta dawo ƙasa. Na biyun sai da safe, mai shago yana so ya rufe.

Sarkin Nix:
Da safen in ka samu lokaci ka yi mini magana ta gefe, akwai wani ɗan fayil da zan nuna maka.

Ɗan Maraɗi:
Ɗan Fagge kada ka amsa masa.